Na cire layin Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da 'yar lelenka. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan da sauƙi, ƙafar Inna ce dai take tashi lokaci-lokaci. Na rubuto da hannu na ba direban da ka sani, don waya ta fita daga raina.

Tun kana ƙarami bakinka ba shi da linzami, muna dariya. To yanzu dariyar ta ƙare. Sau nawa na ce maka in ka kira Inna ka tsaya a gaisuwa? Sai ka ce tsoro ne ya yi mana yawa, wa zai ɓata lokacinsa yana sauraron hirar tsohuwa. Kana can wata ƙasa kwance a kujera kana zagin masu mulki, mu muna nan.

Makon jiya jami'an tsaro suka zo makaranta suka tafi da baban yara yana tsakiyar ba da darasi, saboda da sunansa aka yi rajistar layin Inna. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Kujera suka ba shi, har da ruwan sanyi, shugaban makarantarsu na gefe, suka kunna masa hirarku ɗaya bayan ɗaya. Zagin gwamnatin bai ma dame su ba. Inda suka yi ta maimaitawa shi ne ranar da Inna ta ba ka labarin katifar da nake shanyawa a bayan ɗaki tun da aka yi masa aiki, kai kuma ka ƙyalƙyale da dariya ka ce a saya wa malam ƙunzugu. Wani a cikinsu ya tambaye shi ko kujerar tasu za ta tsira.

Mutumin da ya ɗauke ka a wuya ya kai ka asibiti, Auta. Yanzu ba ya iya haɗa ido da ni, ya daina zuwa aiki, ga labari ya kai bakin ɗalibai. Wallahi na tsani muryarka.

Don haka na cire layin Inna na karya shi, na mayar mata da wayar fanko. Kullum tana zaune a ƙofar ɗaki tana goge ta da bakin mayafi, tana kara ta a kunne ko ta lalace. Da ta tambaye ni me ya hana ka kira, na ce mata ka samu duniya ka manta da mu. Ta yi kuka, ban lallashe ta ba. Kada ka nemi lambar kowa a gidan nan, duk na gargaɗe su.

Kawu Dogo da Goggo suna gaishe ka, yara ma haka. Ka shafa min kan 'yarka. Na ce wa Inna zan rubuto maka, ko tana da saƙo. Ta ce ba ta da shi.

Yayarka.