Ƙwayoyin Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa nisan nan ya zame mana alheri. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, ko da yake ta ce ba maganin likita ba ne, dabararta ce. Kawu yana nan yana gyaran motar da ka tafi ka bar shi yana gyarawa. 'Yan biyuna sun fara rarrafe, duk abin da suka tsinta a ƙasa sai baki.

Albishirinka, Auta ta gama jami'a. Na san ka gaji da jin ina ce maka ana nan ana yi duk lokacin da ka tambaya a waya. Ba rowar labari ba ce, akwai lokacin da muka ɗauka sai ta maimaita shekara, ban kuma ga amfanin raba maka damuwar da ba za ka iya komai a kai ba. Yanzu da ta zama abin dariya, ga rabonka.

Aikinta na ƙarshe a kan wake ne. Akwai wasu halittu a cikin ƙasa da ido ba ya gani, suna shiga saiwar wake su yi ƙulle-ƙulle kamar ƙananan duwatsun wuya, su zauna a ciki suna jawo wa shukar abinci daga iska, ita kuma tana ciyar da su. Akwai kuma wata fumfuna mai fararen zare da ke manne wa saiwa, ta miƙe cikin ƙasa ta ɗebo ruwa da sinadari daga inda saiwar ba ta kaiwa. Auta ta so ta nuna cewa idan aka gauraya su a ramammiyar ƙasa, wake zai yi kyau ko ba takin zamani. Ta jera tsofaffin bokitan fenti a bayan gida, daga ƙofar kicin har gindin lemo, ta cika su da ƙasar da ta haɗa. Da Mama ta tambaye ta me take zubawa haka, Auta ta laluba Hausarta kaf, ba ta samo wa halittun nan suna ba sai wanda kowa ya sani. Ta ce ƙwayoyin cuta ne da fumfuna. Harshenmu dai sunan masu laifi kawai ya tanada musu. Ka tuna kuma wa ta faɗa wa: matar da ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin tiyata tana yaƙi da su, matar da har yau ba ta yarda da cokalin da ba ita ta wanke ba. Mama ba ta ce uffan ba. Kai ka san shirun Mama, amma Auta da alama ba a koya musu shi a jami'a ba. Ta tafi makaranta, ta kwana biyu can, ta dawo ta yi shukarta.

Wake ya fito, da farko duk ɗaya. Bayan wasu makonni sai bokitan suka rabu gida biyu. Wasu kore shar, ganye faffaɗa, har da yanga. Wasu kuma rawaya, sirara, kamar waɗanda suka tashi daga jinya. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Malaminta ya duba hotunan ya ce abin da ya yi aiki a rabi ya ƙi a rabi ba sakamako ba ne, ko ta kawo dalili, ko ta sake daga farko, wato sai baɗi. Yarinyar nan ta daina cin abincin kirki. Ta zargi iri, ta zargi inuwa, ta zargi kanta. Mama kuwa sai ƙara mata nama take yi a kwano, abin da ya kamata ya sa mu tsargu tun da wuri.

Ni ban san komai a kan wake ba, amma na san gidanmu. Wata safiya ina shanya kayan yara sai na lura cewa duk waken da ya rame a bokitan da ke kusa da ƙofar kicin yake, kuma bokitan nan suna ƙyalli. Babu ɗigon fenti ko ɗaya a jikinsu, har hannuwansu an goge. Sauran kuwa suna nan da dattinsu yadda Auta ta tsinto su. Mutum ɗaya na sani a duniya da zai kankare bokitin da za a zuba wa ƙasa. Da muka tambaye ta ba ta ko musa ba. Ta ce eh, ita ce, ba za ta zuba ido a jera cuta a inda jikokinta za su yi rarrafe ba. A kwana biyun nan da Auta ta yi a makaranta, ta juye ƙasar kowane bokiti a babbar tukunya ta turara ta sosai, ta bari ta huce, ta mayar, ta daidaita samanta. Ba don gas ya ƙare mata a rabi ba, da ta gama da su duka.

Na zaci Auta za ta yi kuka ko ta yi faɗa, kuma da ta yi ba wanda zai ga laifinta. A nan ne, Yaya, na ji kaina ya kumbura. Durƙusawa ta yi ta tuge wake ɗaya daga kowane ɓangare, ta wanke saiwoyin a famfo, ta shimfiɗa su a kan tire a gaban Mama. Na ƙasar da aka turara saiwarsa fayau, tsaf, ba komai. Na ɗayan kuwa cike da ƙulle-ƙulle. Mama ta ce ai ga ciwon nan ƙiri-ƙiri, ƙari ne. Auta ta sa farce ta fasa ɗaya, sai ga cikinsa ja-ja. Ta ce abin da ya ba shi wannan launi ɗan'uwan abin da ke sa jininmu ja ne, kuma alama ce ta masu gidan suna raye suna aiki. Mama ta ɗauko tabarau ta daɗe tana kallo. A ƙarshe ta ce, to, wanda ta yi wa magani shi ne ya kwanta.

Dalilin da malamin ya nema ke nan, har da ƙari. Auta ta faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan, ta sake tsara aikin ya zama kwatanta ƙasa mai rai da wadda aka kashe. Abu ɗaya ya tsaya masa, wai ya za a tabbatar turarawar ta yi yadda ya kamata. Da saƙon ya iso gida, Mama ta ce a gaya masa duk shekarunta a asibiti ba a taɓa samun ciwon da ya ruɓe saboda kayan da ta dafa ba, kuma waken da ya rame shi ne shaidarta. Ya karɓa. Ranar da Auta ta kare aikinta na je na zauna a baya. Malamai suka yi ta jifan ta da tambayoyi, tana amsawa a natse, tana riƙe da saiwoyin nan biyu. Yarinyar da muke aike sayen ashana! Ta fito da sakamako mafi kyau a ajinsu. A shafin godiya ta rubuta sunan Mama a matsayin wadda ta shirya ƙasar gwaji, wanda kuma ba ƙarya ba ne.

Yanzu an hana share ganyen da ke zuba a gindin lemo, wai abincin masu aiki ne, su za su ruɓar da shi su mayar wa bishiyar. Mama ce ta kafa dokar. Kalmar cuta kuwa ta daina faɗarta a bayan gida. Jiya maƙwabciya ta leƙo ta tambayi me muka sa wa wake ya yi kyau haka, na ji Mama na gaya mata, da muryar wadda ta san harkar tun fil azal, cewa ƙwayoyin Auta ne. Amma har yanzu sai an wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mata jikoki.

Ka kira Auta ka yi mata barka, kada ka tsokane ta sai ta gama jin daɗi. Ka gaida Anti, da ɗanka Babban Mutum, da 'yar lelenka Mai Dimple idan ta yarda ta amsa. Mama, Kawu da maigidana duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu