Tarin Ammini da Tafasasshiyar Zuma

Zuwa ga Yayana Sukumaran,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya a Maskat, kai da iyali. Ina roƙon allahiyarmu Bagawati ta tsare ka daga zafin ƙasar can. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, saniya ta haihu, ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa.

Yaya, gidanmu ba lafiya. 'Yata Ammini ta yi kwana goma tana tari. Baba ya taɓa jijiyar hannunta, ya ce tarin majina ne. Ya hana ta kindirmo da ayaba, ya matse ganyen adalodakam na maganin tari, ya haɗa da citta da zuma. Ka san shi, shekara arba'in yana ba 'ya'yan mutane magani, balle jikarsa. Ran Talata mijina Shibu, don tausayi, ya zuba zumar a tafasasshen ruwa wai ya gasa mata maƙogwaro. Baba ya shigo da taɓaryar tagulla a hannu. Ya daka tsawa, ya ce ko akuyar gidan nan ta san zumar da ta sha wuta guba ce, sai wannan jakin da ya aura wa 'yarsa. Shibu ya miƙa hannu zai kare kofin, Baba ya sauke masa taɓarya. Na ji ƙarar ƙashi. Jini har jikin bango, yatsu biyu sun karye. Makaɗin ganga ne fa, Yaya! Ammini tana zaune a tabarma tana kallo.

Tun ranar ba a sake jin tarinta ba. Baba yana ta baza wa maƙwabta cewa maganinsa ya ci. Ni ma na yarda, wawuya. Jiya da rana na same ta bayan rijiya, ta cusa gefen siket a baki, tana tari har idonta ya yi ja. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Kaka, wai in ya ji zai karya wa babanta ɗaya hannun. Shekararta biyar.

Gobe zan kai ta asibiti, ko Baba zai fasa nawa kan. Kai kaɗai yake jin maganarka, ka kira shi kafin in dawo.

Ka gaida iyalinka, Lalita da su Gopan. Inna tana gaishe ka. Shibu ya so ya sa maka hannu a nan ƙasa, bai iya riƙe biro ba.

Ƙanwarka,
Sarala