Dawar da Mahaifinka Ya Jiƙa

Ƙarfi, ta Malumfashi,
16 ga Yuli, 1964.

Zuwa ga maigidana Bature, ango marar cefane,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka a Kagoro. Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka daga zazzaɓin damina. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke kuka duk sa'ad da na tashi. Ƙanwarka Lauratu ta yaye ɗanta, Gwaggonka kuma idonta ya washe har ta koma ganin laifin kowa. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin manya ne.

Ga abin da ya hana ni sakat. Mahaifinka Maiwada ya kwanta ciwon baya a farkon damina, kafin ya miƙe ciyawa ta rufe gonar dawa ta bakin rafi, wadda gidan nan duka ke ci. Ya kira gayya jibi Asabar. Ka san danginmu da ba su bi Almasihu ba, ba sa ɗaga fartanya sai sun ji ƙanshin giya. Ka kuma san wadda ta fi kowa iya dafa ta a ƙasar nan kafin a yi mata baftisma. To, ashe ya jiƙa dawa a ɓoye, ta tsira, ya shanya bayan rumbu, sannan ya zo ya durƙusa in dafa masa giyar, yana Inna, Inna, da muryar nan da yake roƙon ƙanzo da ita yana yaro.

Da na ce ina zai kai bangaskiyarsa, sai ya ce ai ya sami hujja. Wai Romanus, mai shagon kananzir a Funtuwa, ya gaya masa Manzo Bulus ya koyar cewa ceto kyauta ce, ba ladan aiki ba. Romanus mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa, ina dai zargin rabin maganar ya faɗo daga keken mahaifinka a hanya. Mahaifinka ya ce tunda kyauta ce, giyar yini ɗaya ba za ta ƙwace ta ba. Malam Maitama mai bisharanmu ya zo ya tuna masa Manzo Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta aiki gawa ce, Bitrus kuma ya ce mu tsarkaka. Mahaifinka ya tafa hannu, ya ce ka ji, manzannin ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kowa ya zaɓi malaminsa, shi ɗan Bulus ne. Yanzu bayan sujada maza sun rabu a gindin durumi, 'yan Bulus can, 'yan Yakubu nan. Na lura duk wanda ciyawa ta ci gonarsa ɗan Bulus ne.

Ni kuwa, maigida, kunnena ya fi idona karatu, kuma abin da kunnen ya ji ba faɗa ba ne. Ka tuna yadda muke lugude a tsakar gida, mu huɗu a turmi ɗaya? Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Baƙo daga waje zai ce dambe ake, alhali dawa ɗaya ake surfewa. Haka nake jin Bulus da Bitrus da Yakubu da Yahaya. Dukansu sun ce Yesu ne ya cece mu ba da wayonmu ba, dukansu sun ce wanda aka wanke ba ya komawa taɓo. Bulus ɗin ma na ji an karanta inda ya hana buguwa. Na ga yadda gayya ke ƙarewa da hannuna a ciki: da safe waƙa, da yamma fasa kai.

Amma kada ka ga ina wasa ka ɗauka na natsu. Idan dangin nan ba su zo ba dawar nan ta tafi, kuma bakunan da ke gidan nan ba hujja za su ci ba. Na zauna, na tashi, na leƙa tukwanen nan manya har ban san sau nawa ba. Hannuna bai manta ba, Bature, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A ƙarshe na ce wa mahaifinka tsiron ba zai lalace ba, kunun zaƙi zan yi da shi, da tuwo da miyar kuka har kowa ya ture. Ya tashi ya fita. Gida biyu sun riga sun aiko cewa su ba jarirai ba ne da za a kira su shan kunu. Maƙwabcinmu Malam Shitu ya ce tunda babu giya wataƙila ya turo 'ya'yansa, amma wataƙila ba ta cire ciyawa.

Na san kafin takardar nan ta iso Asabar ta wuce. Duk da haka ka rubuto wa mahaifinka, don gayyar girbi na nan tafe. Ka jera masa maganar manzannin kusa da kusa, cikin ladabi, kada ka yi masa wa'azi kamar ka haife shi. Idan kuma malamanka sun ce ni ce na ji ba daidai ba, ka faɗa mini kai tsaye.

Har yanzu mahaifinka bai yi mini magana ba. Amma ɗazu da hantsi na ce wa Lauratu ko ba wanda ya zo ni zan shiga gonar da gwiwar nan tawa. Da na fito ban ga tsohuwar fartanyata ba. An ce shi ya ɗauka, ya kai maƙera a gyara mata baki.

Gwaggonka da Lauratu da Malam Maitama suna gaishe ka. Ka gai da Ummaru abokin ɗakinka. Ka sa mu a addu'a.

Ni ce kakarka,
Tsohuwa.