Mangwaron Gidanmu na Garu

Malanville, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Issufu,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyali, da aikin albasa. Ladabi ne ya wajabta mini gaisuwar nan, amma zuciyata tafasa take yi.

Ranar da matata Nafisatu ta kawo ɗiyarmu Ummul-Khairi ƙauyenmu Garu, na aiko da gargaɗi ƙarara: kada mangwaro ya taɓa bakinta. Sau ɗaya ta taɓa lasarsa jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, likita ya tabbatar borin jini ne. Kai kuwa ka ce karatun bokon da na yi a birnin Paraku ya koya mini tsoron 'ya'yan itace. Ka kafa hujja cewa duk wanda anka binne cibiyarsa ƙarƙashin mangwaron gidanmu dole ya ɗanɗani nunan fari. Ka fakaici idon uwarta, ka matsa mata ruwansa a baki.

Ga sakamakon falsafarka. Leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta ya koma kamar usur. Nafisatu ta rungumo ta bisa babur har asibiti, kunnenta a ƙirjin yarinyar. Ba don Allah ya sa an yi mata allura da wuri ba, da yanzu zaman makoki muke.

Wannan ganganci ne tsantsa, wanda ya saɓa wa hankali da kimiyya baki ɗaya. Saboda haka na yanke hukuncin da babu ɗaukaka ƙara: muddin itacen nan yana tsaye, Ummul-Khairi ba za ta sake shiga gidan ba. Ka karanta wa Inna, kada ka rage harafi.

Ƙaninka,
Abdurazak

Malanville, watan Mayu

Yaya Issufu,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Inna. Ummul-Khairi ta warware, har tana yaga mini takardu.

Amsarka ta iso, ta ninka fushina. Ka ce Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Itace ba ya ce mini kaka," sannan ta aika wa Maigandi mai saran itace ya zo da gatari ran Asabar. Yaya, tun da nake ba ka taɓa bin umarnina ba, sai a kan wannan wasiƙa? Duk mai basira ya san jimlar nan da na rubuta kan itacen ado ce ta balaga. Itacen da Baba ya dasa da hannunsa, wanda cibiyata da taka ke ƙarƙashinsa, inda Inna ke shimfiɗa tabarmarta tun rasuwarsa? Laifin hannunka ne, itace bai matsa kansa a bakin kowa ba.

Ka tsayar da gatarin nan yau. Ga sharuɗɗana: za mu taho idan mangwaro ya ƙare, a share ɓawo da ƙwallo daga tsakar gida, kuma ko ruwa ba mai ba yarinya sai da iznin uwarta. Maganinta yana jakarmu.

Game da nunan farin da kake taƙama da shi, ka aiko mini da rabonta. Ni zan sha mata shi a bakin kasuwa, in wanke hannu da baki kafin in shiga gida. Ka zaɓo daga reshen gabas, ya fi zaƙi.

Ƙaninka da bai huce ba,
Abdurazak