Kafet ɗin Masallacinmu da Aka Naɗe da Danshi

Zuwa ga Shugaban masu sana'ar wankin kafet na Kankia da Kusada, da dattawan da ke taya shi wannan shugabanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da sana'a. Ya muka ji da damina? Allah ya ba mu amfaninta.

Sunana Malam Iro Lawal, tsohon malamin firamare, mazaunin Kafin Soli. Tun da na ajiye alli makullin ƙaramin masallacin unguwarmu yake hannuna. Ni ke buɗewa, ni ke shara, ni ke cika butoci. Sau biyu na zo Kankia neman ka, ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili. Ba zan ambaci sunan wurin wankin da nake kuka da shi ba. Ka san shi, su ma sun san kansu, kuma ba tozarta kowa na fito yi ba.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kafet ɗin masallacinmu, kore mai farin zanen sahu, sadakar marigayiya uwar 'ya'yana ce. Shekaru ta yi tana kiwon tumaki a bayan ɗakinta. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta sa na kai ragunanta huɗu kasuwa, na wuce Kano na sayo kafet. Dalilinta shi ne ta gaji da jin labarin tsofaffi suna kukan sanyin siminti a gwiwa idan sun fito sallah. Ta roƙe ni kada in bari kowa ya san daga inda ya fito. Jama'a suka ɗauka wani mai hali ne daga birni ya aiko, na bar su a haka. Ita kuwa ba ta taɓa taka shi ba, ba ta ma gan shi a shimfiɗe ba. Abin da ta tambaye ni kawai shi ne mutum nawa yake ɗauka. Na ce sahu uku cif, ta yi murmushi. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma duk goshin da ya sauka a kan kafet ɗin nan ina ji a raina wani abu ya isa gare ta.

A tsakiyar daminar bana iska ta ɗaga kwano guda a rufin masallacin, ruwa ya zubo da laka a gefen gabas. Tabo ne kawai, bai fi faɗin tabarma ba. Da na san abin da zai biyo baya da na durƙusa na wanke shi da hannuna. Amma na ce abu mai daraja a kai shi ga masu sana'a. Ranar Asabar na ɗauki mota na kai shi Kankia. Na gaya musu na masallaci ne, na maimaita. Abin da suka yanka mini na biya, ban nemi ragi ba. Suka ce in saurare su ranar Talata, ba su kawo ba sai Alhamis.

Sun kawo shi a naɗe, an ɗaure da igiya wuri uku, yana ta ƙamshin turare. Ranka ya daɗe, a nan zan faɗi nawa laifin. Ban kwance ba. Ka san halinmu, kunya ce mutum ya kawo maka aiki ka tsaya kana bincikawa a gaban idonsa kamar ka ɗauke shi macuci. Na yi godiya, na ba su ruwa suka sha, har na sa musu albarka. Na jingine kafet ɗin a ɗakin ajiya saboda kafinta bai gama da rufi ba. Kwana biyar ya yi a nan.

Ranar da muka kwance shi bayan la'asar, a gaban liman da dattawan unguwa, wari ne ya fara tarbar mu. Wasu suka toshe hanci suka ja da baya. Ni kuwa na durƙusa na duba. Ga abin da na gani, da abin da na binciko daga baya, dalla-dalla.

Na ɗaya, a jiƙe aka naɗe shi. Sama ta sha iska, amma ciki sharkaf yake. Fumfuna ta ci shi daga tsakiya har gefe, bayansa ya ruɓe, duk inda ka kama sai ya biyo hannunka. Turaren da aka fesa ba don girmama masallaci ba ne, don kada hancina ya gaya mini gaskiya ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin ya nuna an sani.

Na biyu, an zuba masa bilic, sinadarin nan mai cin launin kaya. Wai don tabon laka. Koren ya koma ruwan toka dabbare-dabbare, farin zanen sahun kuma ya narke a cikinsa. Wanda bai iya bambanta tabon laka da na manja ba, me ya kai shi taɓa kayan mutane?

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi. Na koma wurin wankin ba tare da na sanar ba, na tsaya na kalli yadda ake aiki. Wurin wankin mota ne, kafet ɗin ƙari ne a kai. Akwai wani kwarmi na siminti da ake tara ruwa, a ciki ake jiƙa komai: kafet ɗin falo, katifun da yara suka yi wa fitsari, shimfiɗun ƙasan mota. Ruwa ɗaya tun safe, ya yi baƙi, ba a zubarwa sai ya ƙi kumfa. Na tambaya ko a nan aka jiƙa namu, aka ce mini ai duk a nan ake yi, kamar ba wani abu ba. Waɗannan mutane Musulmi ne, na gan su sun ajiye buroshi sun yi alwala da aka kira azahar. Sun san ruwan da ya canza launi da wari ba ya tsarkake komai, tun muna makarantar allo aka koya mana. Amma ba wanda ya tsaya ya ce wannan shimfiɗar sujada ce, a ware ta.

Liman ya ce najasa dai ruwa mai tsarki yana gusar da ita, a sake wankewa. Muka gwada a harabar masallaci da ruwan rijiya. Guga uku muka zuba kafet ɗin ya fara rabuwa gida-gida. Muka tsaya.

Na huɗu, amsar da na samu. Mai wurin ya ce laifina ne da na bar shi kwana biyar a naɗe. Na ce busasshen kafet ko wata biyar ya yi a naɗe ba ya ruɓewa, kuma ba wanda ya ce mini in shanya. Ya ce damina ce, rana ba ta fito ba, ga aiki ya taru, ga ni ina ta aike. To, ashe akwai abin faɗa tun farko. Da ya ce mini Malam, bai bushe ba, ƙara mana kwana uku, wallahi da na ƙara masa mako. Daga ƙarshe ya ce in kawo wani a wanke mini kyauta. Na juya na tafi, don na ji tsoron abin da zai fito daga bakina.

Da labarin ya bazu na gane ba ni kaɗai ba ne. Wata ɗiyar ƙanena da ke aure a Kusada ta ce jan kafet ɗinta da ruwan shuɗi ya dawo. Wani ladani daga Fakuwa ya ce su sun daina kaiwa, da kansu suke wankewa. Kowa ya haɗiye ya yi shiru, don kada a ce ya tsananta. A kan wannan shirun namu ake cin abinci.

Ranka ya daɗe, ban raina sana'arku ba. Na ga yadda mutum ke wuni a sunkuye, hannu ya yi fari fat da sabulu. Akwai masu tsoron Allah a cikinku, kuma su wannan ɓarna ta fi cuta. Ga abin da nake roƙo.

A ware wa shimfiɗun masallaci wuri da rana, a wanke su da ruwa mai gudu wanda bai taɓa komai ba. Wanda ba shi da halin yin haka ya faɗi gaskiya, ya ƙi karɓa.

Kada a sake naɗe kafet sai an sa hannu a bayansa an ji ya bushe. In damina ta hana, a gaya wa mai kaya.

Mai wanki da kansa ya riƙa kwance kaya a gaban mai shi kafin ya miƙa. Ku mayar da wannan doka a tsakaninku, ku ɗauke mana nauyin kunyar da ke hana mu dubawa.

Kada a bar sabon hannu ya taɓa bilic sai wanda ya daɗe a sana'ar ya koya masa. Kuma a samu dattijon da za a riƙa kai wa kuka, wanda in an je za a tarar da shi.

Ni ba ramuwa nake nema ba. Jama'a sun fara maganar haɗa hannu a sayi sabo, Allah ya saka musu, amma wancan nasu ne. Na marigayiya ya tafi, a hannuna kuma ya tafi. Na riƙe mata sirri shekara shida, yau na karya, don ku san abin da ake miƙo muku ba kullum zare da roba ba ne kawai. Ina fatan za ta yafe mini duka biyun.

Mun koma tabarma. A cikin sahu ukun nan, wuri ɗaya na samu a can kusurwa da bilic bai kai ba, ruɓa ba ta ci ba. Na yanke shi da almakashi, na wanke shi sau uku da ruwan rijiya, na shanya kwana huɗu. Na shimfiɗa shi a ƙarshen sahun farko, inda wani tsoho mai ciwon gwiwa yake tsayawa. Abin da ya rage mata ke nan, wurin sujadar mutum ɗaya.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare hannuwanku daga cin amana, ya sa albarka a sana'arku da zuriyarku. Ya jiƙan iyayenka da nawa, ya jiƙan uwar 'ya'yana.

Wassalam.

Malam Iro Lawal,
Kafin Soli.