Lahadi Goma Sha Ɗaya a Jere

Broken Hill, 6 ga Janairu

Yaya Glenda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zafin wajenku. Tunda wayar gonar shanunku a gidan maigida take, kuma duk lokacin da na kira sai a ce kin shiga kicin, na koma wa biro da takarda. Jirgin wasiƙu dai ba zai ce mini kin shiga kicin ba.

Baba yana nan lafiya a jiki. Mantuwar ce take ƙaruwa. Jiya sau huɗu yana tambayata ina hularsa ta shiga rami, aikin ma'adinan da ya bari shekara ashirin da suka wuce. Abu ɗaya ne bai kuɓuce masa ba, wato takardar Mama da ke manne a ƙofar firiji. Kin san ta: Litinin kaza da karas, Talata wake da tumatir, Laraba naman sa da kori, Alhamis miyar kabewa, haka har zuwa Lahadi, kafaɗar rago da tafarnuwa. Kalanda ba ta yi masa amfani yanzu, agogo ma haka. Da hanci yake gane rana. In ya tashi ya ji ƙamshin kori, ya san Laraba ce, sai ya aske gemu, ya sa farar riga, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran abokinsa Col ya zo ya kai shi kulob ɗin ma'aikata. In ya ji kabewa, sai ya ja kwandon shara waje.

Saboda haka ni da Kunkuru muke riƙe da gidan nan. Har yanzu ita ce dai, tukunyar lantarkin Mama mai murfin gilashi, wadda sai ta yi awa takwas kafin nama ya nuna, hannunta ɗaya ɗaure da waya. Ranar Asabar nakan zauna in yanka komai na mako, in zuba a leda bakwai, in rubuta sunan rana a kowace, in jera su a firiza. Kullum ƙarfe bakwai na safe in juye leda ɗaya, in murɗa, in rufe. Shekara guda ke nan ban ci abin da raina yake so ba. Rannan na yi mafarkin taliya, na farka ina jin haushin kaina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Asibitinmu na Adelaide sun aiko mini da takarda. Hutun shekara guda da suka ba ni ya ƙare. Ko dai in amsa musu kafin 28 ga Fabrairu cewa zan koma ɗakin gwajin jini, ko su ba wa wani kujerata. Shekarata arba'in da shida, Yaya, in na saki wannan aikin ban san wanda zai sake ɗaukata ba. A maƙabarta, ranar da muka binne Mama, kin riƙe hannuna kin ce ni shekara guda, ke shekara guda. Tawa ta cika.

Ina jiran amsa.

Ƙanwarki,
Merrin

*

Gona, 14 ga Janairu

Merrin 'yar autar Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, na yi dariya har da hawaye a kan mafarkin taliyar nan. Ashe Kunkuru tana nan da ranta. Tukunyar nan sai ta binne mu duka.

Ke kina kuka da baki ɗaya, ni bakuna goma sha huɗu nake ciyarwa, ƙattai masu gyaran shinge da rijiyoyi, kowanne yana ci kamar an ce gobe za a hana. Matar maigida ta tafi gari haihuwa, babu mai karɓata. In na ce zan tafi yanzu, gwangwani za su koma ci har Maris. Ban manta da maganarmu ba, amma ki ɗan ƙara mini lokaci. Ba za ki iya roƙonsu su ɗaga miki zuwa tsakiyar shekara ba? Ke da kika iya tsara takarda.

Shawara ɗaya daga mai dafa abinci: ki riƙa soya albasar kafin ki sa a leda, ɗanɗanon ya fi fitowa. Mama ba ta yi, amma Mama ba komai ta sani ba.

Ki gaida Baba. Ki gaida Gwaggo Carmela ta maƙwabta, ki ce mata har yanzu ban sami mai yin burodi irin nata ba.

Yayarki,
Glenda

*

Broken Hill, 23 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Albasar ta jira, ki karanta wannan a zaune.

Ranar Lahadi da yamma guguwar ƙura ta taso, wuta ta ɗauke har wayewar gari. Da na buɗe firiza da safe, ledar da ke sama ta narke sharkaf, ta Laraba ce. Zafi ya kai digiri arba'in da uku, na san naman ba zai kai jibi ba. Na tsaya ina kallon takardar Mama, na ce a raina sau ɗaya dai ba zai zama komai ba. Na juye kori a Kunkuru ranar Litinin.

Bayan abincin rana Baba ya kwanta kamar yadda ya saba, na ruga kantin magani karɓo masa ƙwayoyinsa. Minti arba'in na yi. Na dawo na tarar da kumfar aski a bakin famfo, farar rigar babu ita a ƙusa, ƙofa a buɗe. Gwaggo Carmela ta ce ta hango shi tsaye a bakin titi yana duba agogo, ta ɗauka ni yake jira. Col bai zo ba, don a wajen Col Litinin ce. Da Baba ya gaji da jira sai ya kama hanyar kulob a ƙafa.

Awa biyu muna nemansa, ni da Col da 'yan sanda. A gindin tudun ƙasar ma'adinai muka same shi, zaune a ƙasa, leɓɓansa sun tsage, takalmi ɗaya a hannu. Da ya gan mu, Col ya fara yi wa faɗa. Ya ce, "Kai dai tun muna cikin rami ba ka taɓa zuwa a kan lokaci ba." Col ya juya baya yana share ido.

Kwana biyu ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ta ce da ya ƙara rabin awa a zafin ranar nan, da wani zance ake yi. Ta kuma ce kada a sake barinsa shi kaɗai, ko na minti goma.

Ni na yi wannan, da hannuna, saboda nama kilo ɗaya. Tun daga ranar ko shara zan fitar sai na kulle ƙofa na sa mabuɗi a aljihu. Tsoro nake ji, Yaya, kuma na gaji gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na kira Adelaide kamar yadda kika ce. Sun yi mini magana mai daɗi, sun ce 28 ga Fabrairu tana nan inda take.

Merrin

*

Gona, 28 ga Janairu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu, ina yi wa Baba sannu. Na karanta wasiƙarki sau uku a bayan ɗakin ajiya, don kada ƙattan nan su ga fuskata. Ki daina ɗora wa kanki. Ko ni ce da naman nan zan dafa.

Na kwana biyu ina juya abin, ga dabarar da ta zo mini. Tunda da hanci yake ƙirga kwanaki, ki ba shi ranar da ba ya fita. Kin tuna Lahadi a gidanmu? Mama ta ja mu coci, shi kuwa ya ce shi da Ubangiji sun gama magana tun a ƙarƙashin ƙasa, ya zauna gadin tukunya. Ko gobara ake a layin ba zai bar Kunkuru ba sai an dawo. To ki riƙa dafa kafaɗar rago kullum. Zai zauna a kujerarsa, ke kuma ki sami sararin numfashi. Na san ƙarya ce, amma ƙaryar da za ta hana shi gindin tudun nan.

Sauran maganar kuma, tunda kin matsa, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar jana'izar Mama, da aka dawo gida ana shan shayi, na kai masa kofi. Ya miƙe, ya ba ni hannu, ya ce, "Mun gode da zuwa, baiwar Allah. Ke daga wajen aikinta kike?" Kina kicin, ba ki ji ba. Na ce masa e, daga wajen aikinta nake. Na fita na zauna a mota har aka watse.

Matar maigida ta dawo tun makon jiya, wannan ba hujja ba ce kuma. Gaskiyar ita ce ba zan iya zama a gidan da aka haife ni, ubana yana yi mini sannu da zuwa kowace safiya ba. Ke yana gane ki. Ki yi mini uzuri, ko kada ki yi, amma yanzu kin sani.

Yayarki,
Glenda

*

Broken Hill, 12 ga Fabrairu

Yaya Glenda,

Barka da Lahadi. A nan gidan yau ma Lahadi ce, ta goma sha ɗaya a jere.

Dabararki ta ci, in ba ki haƙƙinki. Na cire takardar Mama daga firiji na sa a aljihun tebur. Mahauci ya fara yi mini wani irin kallo, ya tambaye ni ko gidan abinci na buɗe a ɓoye. Labule, tawul, gashina, komai warin rago da tafarnuwa yake. Ni dai burodi da shayi nake ci a tsaye.

Baba kuwa ko bakin ƙofa bai ƙara zuwa ba. Da ya ji ƙamshin sai ya jawo kujera gaban Kunkuru, ya zauna yana kallon ruwa yana taruwa a murfi. In na matso sai ya ce kada in buɗe, tururin zai gudu. Ranar Laraba Col ya zo da motarsa ya yi hon, Baba ya leƙa ta taga ya ce masa, "Kai Col, tsufa ya fara taɓa ka. Wa yake zuwa kulob ranar Lahadi?" Col ya dube ni, na sunkuyar da kai. Shara ma ni nake fitarwa yanzu, ina sanɗa kamar ɓarauniya. 'Yan abubuwan da suka rage masa a mako, askinsa, farar rigarsa, Col, duk na kwashe, na bar masa rana ɗaya tal. Ni ma a cikinta nake. Jiya sai da na duba waya kafin in san ranar da zan rubuta a takardar magani.

Amma akwai abin da kika manta game da Lahadi, ni ma na manta. Gadin tukunya rabin aikinsa ne, ɗaya rabin shi ne jera faranti. Ƙarfe biyar yana yi sai ya tashi ya buɗe kabad. Ba ya sa na Mama, wannan ko ta yaya ya zauna masa. Uku yake sawa: nasa, nawa, da shuɗin nan mai tsaguwa a baki, a gefen taga inda kike zama lokacin da kike aiki a garin Menindee nan kusa kina zuwa cin abincin Lahadi. Ranar farko na ɗauke shi. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar shi. Glenda tana hanya. Yarinyar nan ba ta taɓa fashin Lahadi ba, sai dai ta makara."

Sai ya hana a zuba abinci. Mu zauna, shi yana kallon titi, ni ina kallon nama yana sanyi, har wajen bakwai, sannan ya ce wataƙila taya ce ta yi mata faci, a rufe mata nata. Sau goma sha ɗaya ke nan ina rufe miki abinci, ina juye wa karen Gwaggo Carmela da safe.

Ban san ko zai gane fuskarki ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ni kaina wani lokaci Joyce yake kirana, sunan Mama, in amsa. Amma sunanki bai taɓa kuskurewa ba, kuma ya san ba ki son kitse, shi yake cire miki da cokali.

Na rubuta wa Adelaide takardar ajiye aiki. Tana kan firiji, a inda ta Mama take a da. Ban sa hannu ba tukuna. Saura kwana goma sha shida.

Ki huta lafiya.

Merrin

*

Gona, 18 ga Fabrairu

Merrin,

Gaisuwa. Kada ki sa hannu a takardar nan.

Na gaya wa maigida ya nemi mai dafa abinci. Zan bi jirgin wasiƙu na Talata mai zuwa, daga nan mota, in hanya ba ta yanke ba ina isowa Alhamis 27 da yamma. Ki kira Adelaide ki ce kina tafe, ki haɗa jakarki.

Ranar Alhamis ɗin ki dafa masa rago, ki bar shi ya jera farantinsa. Zan yi ƙoƙari in shigo kafin bakwai. In ya ba ni hannu ya tambaye ni daga ina nake, zan ce daga hanya, taya ce ta yi mini faci.

Ki fito da takardar Mama ki mayar a firiji, ki bar mini leda ɗaya ta kaza da karas a sama. Washegari ni zan ɗora Litinin.

Yayarki,
Glenda