Hannun Mma Yana Rawa

Litinin, 22 ga Janairu, 2024

Hannun mahaifiyata Mma na dama ya sake rawa da safe. Tana zuba wa wani direban turoturo, motar haya, shinkafa da wake, ludayin ya riƙa bugun bakin tukunya. Ta ɓoye hannun cikin mayafi, ta ɗauka ban gani ba. Tun da ta fita takabar Baba abin ya soma.

A aji kuwa yau malaminmu ya shiga abin da suke kira saikodainamik. Wai abin da mutum ya danne tun yana ƙarami ba ya mutuwa, yana nan a ƙasan zuciya, in ya rasa hanyar baki sai ya fito ta jiki ko ta mafarki. Na zauna kamar da ni yake magana.

Alhamis, 25 ga Janairu

Yaya Sumaila ya ce a kai ta asibiti. Na ce masa asibiti ba ta da maganin baƙin ciki, ya bar mini. Ya ce, "To, ke kika yi karatun." Ya koma shagonsa a kasuwar Kejetia. Gaskiya na ji daɗin yadda ya faɗa.

Lahadi, 28 ga Janairu

Bayan la'asar na zaunar da ita, na ce ta ba ni labarin mafarkinta, don ina ganin yadda take firgita in ta kishingiɗa. Ta dube ni kamar na zage ta. "Nasiba, mugun mafarki ake faɗa? Tofi ake yi hagu, a nemi tsari, a yi shiru. In ka faɗa ka ba shi ƙafa."

Na san haka mana, da shi na tashi. Amma littafinmu ya ce ƙin faɗar ma alama ce, wurin da mutum ya toshe nan ciwon yake.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Ta ƙi. Ni ma na ƙi haƙura.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ta faɗa. Na matsa har ta gaji da ni. Wai kullum tana ganin kanta a tashar mota, ƙarama, an ɗaura mata ƙullin kaya, hannunta riƙe da gefen zanen wata mata, ana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan maganar ta ɓalle. Ashe haka aka yi ranar da aka ɗauko ta daga Bawku aka kawo ta riƙo wurin gwaggonta a nan Ayigya Zango. Mai zanen uwarta ce, ba ta sake ganinta ba. Ni 'yarta, ban taɓa jin wannan ba.

Ta yi kuka sosai, wanda ko ranar jana'izar Baba ba ta yi ba. Bayan nan ta yi barci har magariba ta kusa wuce ta. Na yi mata bayani: wannan hannun ne ya riƙe zanen, rasuwar Baba ta tayar da tsohuwar rabuwa, shi ya sa yake rawa. Komai ya hau daidai. Na ji tausayinta, kuma na ji kaina wata babba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Tana barci yanzu, har tana tsokanar masu sayen abinci. Hannun bai daina ba. Na ce a ba shi lokaci.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Rawar hannun ta ƙaru. Ƙafarta ma kamar tana ja. Na tambayi malaminmu a fakaice, ban ce uwata ba ce. Ya ce kafin a tono zuciya sai likita ya duba jiki, kuma ba a yi wa ɗan'uwa wannan aikin. Na fito ina jin haushinsa. In ta warke na ce hanyar ta yi aiki, in ta ƙi warkewa na ce akwai sauran abin da ta danne. To yaushe ke nan zan gane na yi kuskure? Wannan tambayar ta hana ni cin abinci.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Tukunyar miya ta suɓuce mata. Cinya da ƙafa duk sun ƙone. Muna asibiti.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Likita ya sa ta tafiya, ya lanƙwasa mata hannu, ya ce ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, irin mai sa karkarwa. Ba ya warkewa, amma magani na rage shi. Ya tambaya me ya hana mu zuwa tun farko. Yaya Sumaila ko dubana bai yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na jiyo Mma tana ce wa Hajiya Salamatu maƙwabciyarmu, "Na faɗi abin da ba a faɗa, ga shi ya same ni." Na so in shiga in ce ba haka ba ne. Da wane bakin?

Lahadi, 25 ga Fabrairu

An sallame mu. Tsakanin Mma da ni sai gaisuwa da "miƙo mini ruwa." In na shigo tana hira, sai ta yi shiru. Wannan ya fi ƙunar yi mini ciwo, Allah ya yafe mini.

Lahadi, 3 ga Maris

Ni ke ɗaura mata ɗankwali yanzu. Yau ina tsaye bayanta, ban tambaye ta komai ba, sai ta ce, "Uwata ma ta nan baya take ƙulle shi. Hannunta ƙanshin man kaɗe yake yi." Ta daɗe tana magana a kanta, a hankali.

Bayani ya zo mini har bakin leɓe, cikakke, da sunansa na littafi. Na haɗiye. Ba wai na bar karatun ba ne, gobe ma ina da aji.

Na tambaye ta ko ɗaurin ya yi mata tsauri. Ta ce a'a, in bar hannuna a wurin tukuna.